Gani Ya Kori Ji: Yadda Goro da Duwatsun Ado Suka Fahimtar da Yaranmu Ciwon Sikila



Iyayenmu, shugabanninmu da sauran 'yan uwa na rassanmu uku, wato Fatakwal, Anacha da Inugu, muna yi muku fatan alheri. Da yawa daga cikinku sun ga yaranku suna dawowa daga darasin hutu da zaren duwatsun ado a hannu, ko ledar fiyawata cike da tsinke, har wasu iyaye suka tambaye mu ko karatu ake yi a wurin ko wasa. Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa. Abin da ake koya wa yaran shi ne ilmin ƙananan sinadaran da Allah Ya gina jikin ɗan Adam da su, reshen bayoloji da ke bayanin yadda ake gadon kama da lafiya da wasu cututtuka daga iyaye. Mun zaɓi a koyar da shi da abin da hannu zai taɓa, sannan a ɗora da kwaikwayon kwamfuta.

Yaranmu na nan kudu suna rayuwa ne tsakanin harsuna uku ko huɗu. Hausa a gida, burokin Turanci a titi da kasuwa, Turancin littafi a aji, wasu ma har da Inyamuranci. Idan aka zo darasin gado a babbar sakandare, malami zai zana tsani a allo, ya rubuta DNA a ƙasansa, yara su kwafa su haddace. Da yawa daga cikin makarantun da ƙarfinmu ya kai mu sa yara ba su da ɗakin gwaje-gwaje, inda yake kuma sau da yawa a kulle yake. Yaro zai iya kawo maka ma'anar kuromosom babu tuntuɓe, amma ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da ya sa ƙanwarsa take kwana tana kuka da ciwon ƙashi, sai ya yi shiru. Karatun yana gefe guda, gidansu yana gefe guda, kamar ba su san juna ba.

Alhali kuwa wannan darasi a cikin ɗakunanmu yake kwana. A wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, ta ce kimanin kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da gadon sikila ba tare da suna ciwon ba, kuma ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a ƙasar nan kowace shekara. Mu da ke riƙe da littafin gudummawar ƙungiya ba sai an karanta mana rahoto ba. Mun san sau nawa ake zagayawa da faranti bayan sallar isha'i saboda an kwantar da yaro ana neman jini. Mun san matan da ake kira masu wabi, kamar yadda maƙwabtanmu Inyamurai suke da abin da suke kira ogbanje, yaron da ke zuwa yana komawa. Kuma mun san cewa idan ciwon ya bayyana a gida, yawanci uwa ake nuna wa yatsa.

Shi ya sa da wasu 'ya'yanmu suka kawo shawarar darasin, wata ma'aikaciyar jinya, da ɗalibai biyu na jami'a, da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga arewa, muka ce a gina shi a kan sikila. Abin da ya shafi mutum ba ya wuyar shiga kansa.

Ga wanda yake ganin duwatsu da waya abin yara ne, ya kamata ya san cewa manyan masana ma da su suka fara. A 1953, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, James Watson da Francis Crick sun gano siffar DNA ne ta hanyar harhaɗa faranten ƙarfe da sanduna. Da maƙeran jami'ar suka yi jinkirin kawo faranten, Watson kwali ya yanka ya riƙa jujjuyawa a kan tebur har ya ga waɗanne ne suke dacewa da juna. Sun kuma amfana da hoton eksire da aka ɗauka a 1952 a ɗakin binciken Rosalind Franklin da ke Landan. Shi kuwa Max Perutz sama da shekara ashirin ya yi yana neman siffar himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja yana ɗaukar iskar oksijin, kuma da ya samu a 1959, abin kwatance ya gina wanda ake iya zagayawa a duba. Idan waɗanda suka gano abin sai da suka taɓa shi da hannu kafin su gane, me zai sa mu ce wa ɗan shekara goma sha biyar ya gane daga zanen alli kawai?

Ga yadda darasin yake tafiya, domin duk wanda yake son maimaitawa a unguwarsu.

Ranar farko ayaba ake kawowa. A dame rabin ayaba a cikin leda da ɗan ruwa, gishiri kaɗan da cokali guda na sabulun ruwa na wanke-wanke. Sabulun yana fasa bangon ƙwayoyin halitta, domin bangon maiƙo ne. A tace da tsumma mai tsabta a cikin kofin gilashi, sannan a zuba sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofin. Cikin 'yan mintoci wani farin abu mai yauƙi zai taso, a naɗo shi da tsinke. DNA ɗin ayaba ke nan. Daga wannan lokacin yara sun daina ɗaukarsa wata kalma ta jarrabawa, tunda ga shi a kan tsinke.

Rana ta biyu ake gina tsanin. Waya biyu su ne gefuna, murafen kwalba masu launi huɗu su ne haruffa huɗu da aka rubuta dukkan umarnin jiki da su: A, T, G da C. Doka ɗaya ce, A sai da T take haɗuwa, G kuma sai da C. Idan an gama sai a murɗa tsanin. Daga nan a tsaga shi gida biyu, a ba wa ƙungiyoyi biyu na yara kowa ɓangare guda, a ce su cike abin da ya ɓata. Ba tare da sun leƙa aikin juna ba, sai ga tsani biyu iri ɗaya sak. Babu malamin da ya ce musu haka jiki yake kwafar DNA kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, su ne suka faɗa da bakinsu. A nan ake gaya musu cewa ɗan Adam yana da irin waɗannan haruffa kusan biliyan 3 daga uwa da wasu biliyan 3 daga uba, a naɗe cikin kuromosom 46, kuma da za a miƙar da na ƙwayar halitta guda, tsawonsa zai kai kamar mita biyu.

Rana ta uku ita ce zuciyar darasin. Jiki yana karanta haruffan uku-uku, kowane uku yana nufin tubali guda da ake kira amino asid, su kuma idan aka jera su suna zama furotin. Himogulobin sarƙa huɗu ce a dunƙule, biyu daga ciki kowacce tana da tubali 146. To sai kowane yaro ya zauna ya shirya duwatsun ado 146 a zare, irin waɗanda mata ke yin jigida da su. Aiki ne mai cin lokaci, kuma da gangan aka bar shi haka. Idan sun gama, sai malamar ta ce kowa ya ƙirga zuwa dutse na shida, ya cire shi, ya sa wani mai launi dabam. Shi ke nan. Bambancin jinin A da jinin S ke nan gaba ɗaya. A cikin DNA, inda aka rubuta GAG ya koma GTG, harafi ɗaya tal, sai tubalin da ake kira gulutamik asid ya koma balin. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa matsalar sikila a cikin himogulobin take, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin tubalin da ya canza a 1956 zuwa 1957. Wata yarinya a Anacha ta daɗe tana kallon zarenta, sannan ta ce, “Anti, duk wahalar da yayana yake sha saboda wannan ɗan dutsen ne?” Malamar ta ce mata e, shi ne.

Sai kuma a nuna yadda dutse ɗaya yake jawo ciwo. Tubali na asali yana son ruwa, wanda ya maye gurbinsa kuwa gudun ruwa yake yi kamar mai, don haka idan jini ya sauke oksijin sai ya nemi maƙwabcinsa ya manne. Yara suna liƙa ɗan cingam a dutse na shida, su ga zarurruka suna kama juna suna zama doguwar sanda. Daga nan a ɗauko ledar fiyawata biyu, ɗaya a zuba mata duwatsu a warwatse, ɗaya a cika ta da tsinken tsintsiya, a ce a zura kowacce ta cikin awarwaro. Ta farko tana lanƙwashewa ta wuce. Ta biyu tana tokarewa. Haka jar ƙwayar jini take sandarewa ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke kawo ciwon ƙashi mai tsanani. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ne, shi ya sa jininsu yake yawan yin ƙasa. Yaron da ya ga wannan ba sai an yi masa faɗa ba kafin ya gane dalilin da likita yake cewa mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya guji sanyi da zazzaɓin cizon sauro.

Darasin da ya fi jawo manya shi ne na goro. A sa farin goro ɗaya da ja ɗaya a aljihun wanda zai tsaya a matsayin uba, haka ma a jakar wadda za ta tsaya a matsayin uwa. Fari shi ne A, ja shi ne S, wato dukansu AS ne. Kowa ya zura hannu ba tare da ya duba ba ya fito da ɗaya. Fari biyu AA, fari da ja AS, ja biyu SS. A rubuta, a mayar da goron inda yake, a sake. Mayarwar nan ita ce darasin, domin kowane ciki sabon ɗauka ne, jakar ba ta tuna abin da ya fito jiya.

A Inugu, wasu dattawa da suka fito daga masallaci sun tsaya kallo, har ɗaya daga cikinsu, wani tsohon falke da ya yi shekaru yana fataucin goro, ya ce shi a saninsa an ce ɗaya cikin huɗu ne, don haka wanda ya riga ya haifi mai ciwon sauran ukun lafiya lau. Ɗalibin da ke koyarwa ya russuna ya ce, “Baba, don Allah ka gwada da hannunka.” Ya gwada. Ja biyu ya fito, aka mayar, ya sake, ja biyu ya sake fitowa. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, “Yaro, wato ja ɗaya daga aljihuna yake fitowa ke nan?” Aka ce masa haka ne, Baba, yaro ba ya zama SS sai uwa ta ba da ɗaya uba ya ba da ɗaya. Dattijon ya ce a kira matan unguwa ranar Asabar su ma a nuna musu, kuma a tabbatar mazansu suna wurin. Mun yi shekaru muna faɗar wannan magana a taro, ba ta taɓa shiga kamar yadda ta shiga a wannan yammacin ba.

To ina amfanin kwamfuta, tunda goro ya yi wannan aiki? Akwai abu biyu da hannu ba ya iya nunawa: motsi da yawa. Ɗauka ashirin da goro ba ya isa a ga tsarin, wani lokaci ja biyu ya fito sau takwas, wani lokaci sau biyu. Sai ɗaya daga cikin ɗaliban ya shirya jadawali a Excel wanda yake yin ɗaukar da kansa, iyali dubu masu 'ya'ya huɗu-huɗu cikin ƙiftawar ido. Duk sanda aka danna, alƙaluman suna ɗan motsawa, amma ba sa nisa da abin da lissafi ya nuna: kusan iyali 316 babu mai ciwon ko ɗaya, 422 suna da ɗaya, 211 suna da biyu, 47 suna da uku, kusan 4 kuma duka huɗun. Wannan ya amsa maganar da muke yawan ji, cewa ai wane da wance duka AS ne kuma 'ya'yansu ƙalau. Gaskiya ne, suna cikin kashi ɗaya bisa uku. Sauran kashi biyun su ne muke zagaya wa da faranti.

Ta fuskar motsi kuma, akwai manhajar PhET ta Jami'ar Kolorado a Amurka, wadda Carl Wieman, mai lambar yabo ta Nobel, ya assasa a 2002. Kyauta ce, kuma ana iya sauke ta sau ɗaya a riƙa amfani da ita babu data. A cikinta yaro yana jawo sinadarai da yatsa ya ga yadda ake kwafar umarni daga DNA a kai shi inda ake ƙera furotin, ya ƙara wannan ya rage wancan ya ga abin da zai faru. Akwai kuma rumbun siffofin furotin na duniya da aka kafa a 1971, inda ko a wayar hannu za ka buɗe himogulobin na gaske, ka juya shi, ka nemo tubali na shida. Abin da muka lura da shi a rassa ukun duka shi ne, jerin yana da muhimmanci. Yaron da aka fara nuna wa allon kwamfuta yana kallo ne kamar katun, ya ce ya yi kyau, ya wuce. Wanda ya riga ya shirya duwatsu 146 da hannunsa kuwa, yana ganin hoton sai ya fara neman dutsensa. Hannu ne ke fara buɗe ƙofa, kwamfuta ta biyo baya ta faɗaɗa ɗakin. Ga kuma ribar ƙafa: tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma akwai yaranmu da wannan ne karon farko da suka riƙe linzami.

Wata tambaya da yara suka yi ita ce, me ya sa gadon ya yi yawa a cikinmu? Amsar ma a ƙasarmu aka tabbatar da wani ɓangarenta. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Daga 1969 zuwa 1976 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu cikin Jigawa. Sun samu kimanin biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, amma da wuya a ga babba mai shi a ƙauyukan a wancan lokacin, sannan masu AS sun fi yawa a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar fiye da cikin jarirai. Ke nan wannan jan goron garkuwa ne da ya tsare kakanninmu daga sauro. Ba tsinuwa ba ce, ba aikin maƙiya ba ne, ba abin kunya ba ne a gidan kowa.

Ya zama dole mu ja hankali a kan wasu abubuwa. Darasin nan ba gwaji ba ne, kuma ba a gane AS da ido. Sai an je asibiti ko amintaccen ɗakin gwaji, kuma yana da kyau a maimaita a wani wuri na biyu. Gwajin jinotayif dabam, rukunin jini na A, B da O dabam, kada a haɗa su. Akwai kuma jinin C, wanda shi ma a tubali na shida canjinsa yake, kuma SC ma ciwo ne. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da jinotayif, kuma da yawa daga cikinmu a gida muke ɗaura wa 'ya'yanmu aure, wani lokaci ma na zumunci, inda yiwuwar haɗuwar ja biyu take ƙaruwa. Gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an sa rana, zukata sun riga sun shaƙu, shi ne yake raba zumunci. Wanda yaro ya yi tun yana sakandare kuwa, ya san kansa kafin ya fara magana da kowa. Mun yi imani da ƙaddara, kuma neman sani ma yana cikin abin da aka umurce mu da shi. Su kuma 'ya'yanmu masu SS, darasin ya sa abokansu sun daina kiransu ragwaye. Da kulawa da magani suna karatu, suna sana'a, suna aure, suna haihuwa.

Burinmu bai tsaya a sikila ba. Mutanen Fatakwal ba su manta watan Agustan 2014 ba, lokacin da Ebola ta shigo garin, muka daina musabaha har a masallaci. Cikin waɗanda suka tabbatar da cutar a Najeriya akwai cibiyar da Farfesa Christian Happi yake jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, kuma ita ce ta fara karanta haruffan ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara DNA ɗin majiyyaci, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu ciwon ba za ta ci gaba da jiran a sauko mata da farashi ba. Sai ta sami 'ya'yanta a ɗakunan binciken, kuma babu dalilin da zai hana ɗan mai sayar da albasa a bakin gadar Anacha, ko 'yar mahauci a Diobu, ko jikan mai shanu a Gariki ta Inugu kasancewa cikinsu. Garin da Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950 ba baƙon wuri ba ne ga ɗan arewa mai himma.

Roƙonmu ga 'yan uwa bai da yawa. Kowane reshe kwamfuta ɗaya yake da ita, yara suna layi, ga matsalar wuta. Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ko babbar waya da ba ya amfani da ita, ya miƙa ta ga shugaban reshensu. Masu shagon lemo su tara mana murafe, masu sayar da kayan ado su taimaka da duwatsu da zare. Iyaye kuma a bar 'yan mata su zo, kada talla ta hana su, domin su ne suka fi yin tambaya, kuma su ne gobe za su yi jinyar. Idan yaronka ya dawo da zaren nan, kada a jefar. Ka zaunar da shi bayan magariba, ka ce ya nuna maka dutse na shida, ka saurari abin da zai faɗa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa malaman sa-kai da alheri, Ya albarkaci zuri'armu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya